Jirgin Da Ba Kowa A Kansa

Wai samarinmu na Khartoum sun raba gari a kan jirgin ƙasan wasa na LEGO. Wasu sun ce tsohon samfuri ya fi kama da na gaske, wasu sun ce sabon, har da ƙirga tagogi. Ni dai na ce duk kanwar ja ce. Duk wanda ya ga jirgin Atbara ya shigo Khartoum a Afrilun 2019, masu zanga-zanga maƙil har kan rufi, ya san kamannin jirginmu. Yaron Omdurman da ya jera gwangwanaye, ya ɗora mutanen laka a sama, wallahi ya fi kamfanin Denmark kwaikwayon gaskiya. Kafin ku raina nasa, ku duba naku: ina fasinjojin?