Rajistar ƙungiya amana ce: mu tsara wa ke karantawa, wa ke gyarawa, tun kafin damina

Iyayenmu, 'yan uwa maza da mata, da matasanmu na Jambutu, na gida da waɗanda neman abinci ya kai nesa.

Akwai maganar da muka jima muna son kawowa wannan shafi, muka dakata har zukata su huce. Yanzu da damina ke ƙaratowa, jinkiri ba shi da amfani. Magana ce a kan rajistar ƙungiya, wato fayilolin da ke ɗauke da sunayen membobi, lissafin gudummawar wata-wata, da jerin gidajen da ruwa ya saba shiga. Ra'ayinmu shi ne: kuskure ne a bar waɗannan fayiloli a hannun mutum ɗaya, kuma kuskure ne a buɗe su ga kowa da kowa. Dukkan biyun mun aikata su a cikin mako guda, mun kuma ga sakamakonsu.

Duk wanda ya zauna a Jimeta ya san halin kogin Binuwai. Mun ga abin da ya faru a 2012 da aka saki ruwan madatsar Lagdo ta ƙasar Kamaru, mun sake gani a 2022. Madatsar Dasin Hausa da aka daɗe ana maganar ginawa a yankin Fufore don rage ƙarfin wannan ruwa, har yau ba ta tabbata ba. Ko Lagdo ba ta saki komai ba, ruwan sama na dare ɗaya da toshewar magudanai sun isa su kori iyali daga ɗaki. Idan hakan ta faru, abu na farko da masu kawo agaji ke tambaya shi ne jerin sunaye: gida nawa, mutum nawa a kowane gida, lambar wayar wa za a kira. Unguwar da ta miƙa jerinta a kan lokaci ita ake fara dubawa.

A daminar bara, bayan ruwa ya shiga wasu lungunanmu, wata ƙungiyar agaji ta ba mu kwana biyu mu kawo jerin gidajen da abin ya shafa. Muka ce ai abu ne mai sauƙi, muna da rajista. Ashe rajistar tana ajiye ne a intanet ƙarƙashin imel ɗin ɗan uwanmu guda, wanda ya buɗe ta shekarun baya da kyakkyawar niyya. Wayarsa tana cikin kayan da ruwa ya ci. Ya san kalmar sirrinsa sarai, amma lambar tabbatarwa layin wannan wayar take zuwa, kuma dawo da layi sai an shiga sabon mako. Mu da muke shugabannin ƙungiya, duk wanda ya taɓa fayil ɗin sai a ce masa ya nemi izini daga mai shi. Mai shi kuma yana zaune tare da mu a kan tabarma, shi ma an hana shi shiga.

Muka lalubo wani tsohon kwafi a cikin filash, muka kai shagon buga takardu. Da aka buɗe, sai ga sunaye sun rikice. Inda aka rubuta Ɗahiru ya koma ÆŠahiru, duk sunan da ke da ƙ ko ɗ ko ɓ ya zama tarkace. A unguwa irin tamu, inda sunayen Hausa da na Fulfulde suke cike da waɗannan haruffa masu lanƙwasa, sunaye da yawa ne suka lalace. Daga nan ɗaya daga cikin yaranmu da ke karatun kwamfuta a jami'a ya karɓi aikin. Ya rubuta wani ɗan ƙaramin shiri da zai haɗa jerin da wakilan lunguna suka turo ta WhatsApp ya zama guda. Ya buɗe baƙin allon nan da ake rubuta wa kwamfuta umarni kai tsaye, ya ce ta yi aiki, ta amsa masa da kalmomi biyu na Turanci, "Permission denied", ma'ana ba a ba ka izini ba. Muka kwana a kan wannan.

Bayan ƙura ta lafa mun zauna da yaran nan, muka ce su koya mana abin da ya faru da harshen da za mu gane. Abin da muka fahimta ya cancanci kowane memba ya ji, domin wayar da ke aljihunka ma da wannan ƙa'ida take tafiya.

Kwamfutoci da wayoyi ba yare ɗaya suke ji ba. Yawancin kwamfutocin shagunan buga takardu da Windows suke aiki. Wayoyin Android kuwa an gina su ne a kan Linux, wanda wani ɗalibi ɗan ƙasar Finland mai suna Linus Torvalds ya fara a 1991. Linux ya gaji tsarinsa daga Unix, wanda Ken Thompson da Dennis Ritchie suka fara a ɗakunan bincike na Bell a Amurka a 1969. A wannan tsari, kowane fayil yana da mutane kashi uku: mai shi, 'yan rukuninsa, da sauran jama'a. Kowane kashi kuma ana iya ba shi izini iri uku: karantawa, rubutawa, da sa fayil ɗin ya yi aiki idan shiri ne. An ba karantawa lamba 4, rubutawa 2, aiwatarwa 1, sai a tara. Wanda aka ba 7 yana da komai, mai 6 yana karantawa yana gyarawa, mai 4 kallo kawai yake yi, mai 0 ko leƙawa ba zai yi ba. Idan aka sa wa fayil 640, an ce ke nan mai shi ya karanta ya gyara, 'yan rukuni su karanta kawai, bare kuma ya tsaya a waje. Umarnin da ake canza wannan da shi ana kiransa chmod.

Abin da ya tsayar da yaronmu shi ne shirin da ya rubuta bai samu izinin aiwatarwa ba bayan ya kwafe shi daga wani wuri zuwa wani. Kwamfutarsa Windows ce, amma yana tafiyar da Linux a cikinta ta hanyar WSL, wata dabara da kamfanin Microsoft ya fito da ita a 2016. Gida ɗaya ne mai dokoki biyu: ɓangaren Windows yana lissafin izini ta hanyarsa, ɓangaren Linux ta tasa hanyar, kuma idan fayil yana zaune a ɓangaren Windows, chmod ba ya kama shi yadda ya kamata sai an kunna wani saiti tukuna. Da ya warware wannan, sai wata ta taso. Windows yana rufe kowane layin rubutu da alamomi biyu da ido ba ya gani, Linux kuma da alama ɗaya. Wannan ɓoyayyar alamar ta ƙari ta sa Linux ya kasa gane layin farko na shirin. Umarni guda mai suna dos2unix ya gyara shi cikin ƙiftawar ido, bayan an ɓata sa'o'i ana nema.

Rikicewar sunaye ma daga nan take. Akwai tsarin ajiye haruffa mai suna UTF-8, wanda shi dai Ken Thompson ɗin ya tsara tare da Rob Pike a 1992, kuma shi ne ke ɗaukar ƙ, ɗ, ɓ, ƴ da ŋ lafiya lau. Idan aka ajiye fayil da shi, sannan wata manhaja ta karanta da tsohon tsarin da aka yi wa harsunan Yammacin Turai, kowane harafi mai lanƙwasa sai ya rabu gida biyu. Sunayen suna nan ba su ɓace ba, karatun ne aka yi ba daidai ba. Da mun san haka, da an sake buɗe fayil ɗin an zaɓi UTF-8, ba mu zauna muna gyara suna ɗaya-ɗaya da hannu ba.

Kuskurenmu mafi girma ya zo ne a daren na biyu, kuma babu ruwan kwamfuta a ciki. Yaran sun gaya mana cewa idan izini ya gagari mai koyo, abin da ya fi saurin yi shi ne ya rubuta chmod 777, wato ya ba kowa komai. Matsalar takan kau nan take, shi ya sa ake yawan yi. Mu ma irin wannan muka yi. Da gajiya ta kama mu, muka ɗora sabon jerin a intanet, muka saita shi yadda duk mai linki zai iya gyarawa, muka jefa linkin a zauren WhatsApp na unguwa, muka ce kowa ya duba sunansa. Kafin gari ya waye an ƙara sunayen gidajen da ruwa bai taɓa ba, an kuma goge wasu layuka, wataƙila da kuskuren yatsa. Muka koma tantancewa daga farko. Jerin ya isa a makare, kuma wasu gidaje da suka fi kowa buƙata ba su shiga rabon farko ba. Bayan kwanaki kaɗan wani ya kira wata baiwar Allah mai riƙon marayu, ya faɗa mata sunanta, lungunta da bankinta, ya ce daga masu agaji yake, ta karanto masa lambar da za ta shigo wayarta. Allah Ya tsare, ɗanta na kusa ya karɓe wayar. Duk abin da mutumin ya faɗa mata yana cikin jerin da muka saki. Muna neman afuwar duk wanda wannan sakaci ya shafa.

Mun ji ra'ayin wasu daga cikin iyayenmu cewa a koma littafi da biro, a huta. Akwai gaskiya a maganarsu. Littafi ba ya neman caji ko data, kuma ba za mu daina riƙe shi ba. Amma ruwan da ya ci waya yana cin takarda, kuma masu agaji a yau fayil suke cewa a turo. Wasu kuma sun ce taƙaita izini rashin yarda da juna ne, alhali dukkanmu 'yan uwa ne. Muna ganin ba haka ba ne. Akwatin gudummawar masallaci ana sa masa kwaɗo, ana kuma ƙirga kuɗin a gaban shaidu, ba wanda ya taɓa cewa an zargi jama'a da sata. Ƙari a kan haka, tun watan Yuni na 2023 Najeriya tana da dokar kare bayanan mutane, wadda ta ɗora wa masu tara bayanan jama'a nauyin tsare su. Mu kuma tun kafin doka mun san hukuncin amana.

Don haka ga abin da za mu gabatar a taro mai zuwa, muna roƙon kowa ya yi nazari kafin ranar.

Na ɗaya, ƙungiya ta buɗe imel nata na kanta, da layin waya nata, rajista ta koma can. Mutum uku su san hanyar shiga: shugaba, sakatare da ma'aji. A buga lambobin ceto na asusun a takarda, a sa a ambulan, a ajiye wajen dattijo guda da gidansa yake kan tudu.

Na biyu, a bi tsarin nan na kashi uku. Sakatare da ma'aji su ne masu gyarawa. Sauran 'yan kwamiti da wakilan lunguna su karanta kawai. Wanda ya ga kuskure a sunansa ya faɗa wa wakilin lungunsa, a gyara, a rubuta ranar da aka gyara.

Na uku, a raba jerin gida biyu. Wanda za a iya nuna wa jama'a ya ƙunshi suna da lungu kaɗai. Lambar waya, asusun banki da lambar NIN su zauna a fayil na daban mai kalmar sirri. Wannan yana da muhimmanci domin izini ba ya bin fayil idan ya yi tafiya. Yawancin filash da tsarin FAT32 ko exFAT suke zuwa, waɗanda ba sa riƙe bayanin wa ke da izini. Fayil ɗin da ka kulle a kwamfutarka, da zarar ya hau filash ko ya shiga WhatsApp, duk wanda ya samu zai buɗe. Idan an je shagon buga takardu kuma, a tsaya a ga an goge kwafin kafin a fito.

Na huɗu, a riƙa ajiye fayiloli da UTF-8, abin da za a buga kuma a mayar da shi PDF, domin yana fitowa iri ɗaya a waya da kwamfuta. Sunan fayil ya zama gajere, da ƙananan haruffa da kwanan wata, babu tazara a ciki, saboda Linux yana ɗaukar Rajista da rajista a matsayin fayiloli biyu, Windows kuma yana ɗaukarsu abu ɗaya.

Na biyar, kafin ruwan farko na kowace shekara, a yi gwaji: a buɗe rajista a wayar Android, a kwamfutar shago, da kwamfutar ɗaya daga cikin ɗalibanmu, a buga kwafi biyu a ajiye a gidaje biyu. Duk lokacin da aka canza shugabanni, a canza kalmar sirri a ranar miƙa mulki, a cire izinin waɗanda suka sauka, tare da yi musu godiya.

Ga matasanmu da ke karatu a Jami'ar Modibbo Adama, da Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta jiha, da Kwalejin Ilimi ta Tarayya da ke nan Yola, muna buƙatar mutum biyu ko uku da za su ɗauki wannan aiki sadaka, su kuma rubuta matakan da Hausa a takarda, yadda idan sun tafi bautar ƙasa wanda ya biyo baya zai gane. Wanda ke da sha'awa ya sanar da wakilin lungunsa kafin taro.

Allah Ya ba mu damina mai albarka, Ya tsare gidajenmu da dukiyoyinmu, Ya ba mu ikon riƙe amanar da aka ɗora mana. Amin.

Sakataren ƙungiya, a madadin kwamitin gudanarwa.