Zauren Iyali: A Ceci Rai Tukuna

A wannan wata za mu taɓa maganar da gidaje da yawa suke ɓoyewa a ƙuryar ɗaki, watau maganar yaron da ya faɗa shan ƙwaya. Ba za mu tsaya a kan munin abin ba, gama kowa ya san shi. Tambayarmu ita ce: kafin yaron nan ya daina, yaya za mu yi kada ya mutu?

A 2018 Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa da ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai lura da miyagun ƙwayoyi suka yi bincike a dukan Nijeriya. Suka tarar mutum miliyan 14.3, 'yan shekara 15 zuwa 64, sun yi amfani da kayan maye cikin shekara guda. Miliyan 4.6 daga cikinsu suna shan magungunan kashe zafi irin su tiramadol ba da iznin likita ba. Cikin kowane mutum 4 masu sha, ɗaya mace ce. A shiyyar Arewa maso Yamma, inda Jihar Kebbi take, abin ya kai mutum 12 cikin 100. A watan Mayu na wannan shekara ta 2018 Gwamnatin Tarayya ta hana yin maganin tari mai kodin da shigo da shi, amma hani bai kwashe abin daga kasuwar bayan fage ba.

Mu da muke Gwandu da Kalgo mun san masu shan nan da sunayensu. Akwai ɗan ƙwadago a fadamar shinkafa mai so ya yi aikin mutum biyu, da ɗan kabu-kabu mai kaiwa dare a kan babur, da ɗalibi mai fargabar jarrabawa, da matar da ɓacin ran gida ya hana ta barci. Da yawansu ba don nishaɗi suka soma ba. Gajiya ce da damuwa.

Masanan lafiya suna da wata hanya da suke kira rage illa. Ma'anarta ita ce, ana ci gaba da jawo mutum ya daina, amma ba a jira sai ya daina kafin a tsare ransa da lafiyarsa. Ƙasar Fotugal ta kama wannan hanya a 2001. Ta daina kai mai shan ƙwaya kurkuku saboda ɗan abin da aka kama shi da shi, sai a tura shi wurin masu ba da shawara da magani, masu fataucin kuwa doka tana nan a kansu. Yawan masu kamuwa da cutar ƙanjamau ta hanyar allura ya ragu ƙwarai. A nan gida ma, a 2020 aka soma gwajin ba masu tsira wa kansu ƙwaya sababbin allurai a jihohi uku, Gombe tana cikinsu, don kada su riƙa karɓa-karɓa da allura ɗaya.

To, yaya ƙwaya take kisa? Tiramadol da kodin 'yan gida ɗaya ne da hiroyin. In sun yi yawa a jiki sukan kwantar da sashen ƙwaƙwalwa mai tafiyar da numfashi. Numfashin ya yi ta raguwa har ya tsaya, mutanen gida kuwa suna tsammani barci yake yi. Tiramadol na asibiti miligiram 50 ne ko 100, amma wanda ake fasa-ƙwaurinsa yakan kai 225 ko 250. Yana kuma jawo jijjiga irin ta farfaɗiya. Haɗarin yakan ninka in aka haɗa shi da giya, ko burkutu, ko ƙwayar barci.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da alamu uku da ya kamata kowa ya riƙe. Mutum ya ƙi tashi ko an jijjiga shi, numfashinsa ya yi kasala ko ya tsaya, baƙin tsakiyar idonsa kuma ya tsuke kamar kan allura. A ƙara da wani irin minshari mai gurnani, da leɓe ko farce da suka canza launi.

In kun ga haka, ga abin yi. Na fari, a kira sunansa da ƙarfi, a murza ƙashin ƙirjinsa da gaɓoɓin yatsu. Na biyu, in bai farka ba amma yana numfashi, a kwantar da shi ta gefe ɗaya, a ɗan ɗaga haɓarsa, don kada amai ya shaƙe shi. Na uku, in numfashi ya tsaya, a kwantar da shi rigingine, a toshe hancinsa, a hura masa iska a baki sau ɗaya kowane daƙiƙa 5. Na huɗu, a nemi mota nan take. A kai shi asibiti mafi kusa, ko na garin Gwandu, ko na Kalgo, ko Asibitin Sir Yahaya a Birnin Kebbi. A tafi da kwalin maganin ko kwalbar, a gaya wa likita gaskiya. Ƙwaƙwalwa ba ta jure rashin iska fiye da 'yan mintoci, saboda haka lokacin da aka ɓata ana shawarar abin da maƙwabta za su ce, shi ne lokacin da ake rasa yaro.

Ga kuma abin da ba a yi. Kada a ɗura wa wanda ba ya cikin hayyacinsa madara, ko manja, ko ruwan gishiri, gama huhu za su bi. Kada a tura masa cokali a baki in yana jijjiga. Kada a rufe masa ƙofa a ce bari ya yi barci abin ya sake shi.

Akwai magani mai suna nalokson, wanda yakan ture irin waɗannan ƙwayoyi daga inda suka kama a ƙwaƙwalwa, numfashi ya dawo cikin mintoci kaɗan. Ba ya sa maye. Tun 2014 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawara a sa shi a hannun mutanen da mai yiwuwa ne abin ya faru a gabansu, watau iyali da abokai. A Amurka, inda ƙwaya ta kashe fiye da mutum 100,000 a 2022, an yarda a 2023 a riƙa sayar da na fesawa a hanci ba sai da takardar likita ba. Amma a lura, aikinsa yakan ƙare cikin minti 30 zuwa 90, ba ya warware giya ko ƙwayar barci, ba ya kuma tsai da jijjiga. Don haka ko mutum ya farfaɗo, asibiti tilas ne. Ya dace kwamitin lafiya na kowace unguwa ya tambayi asibitinsa ko ana ajiye wannan magani.

Wani abu kuma da iyaye da yawa ba su sani ba. Lokacin da mai shan ƙwaya ya fi kusa da mutuwa shi ne bayan ya yi kwanaki bai sha ba, misali ya fito daga kurkuku, ko daga gidan mari. Jikinsa ya manta da ƙwayar, in ya koma ya sha adadin da ya saba, sai ta fi ƙarfinsa. A 2019 'yan sanda suka buɗe waɗansu gidajen horo a Kaduna da Daura, suka fito da ɗaruruwan mutane, da yawa a cikin mari. Masu bincike sun sami irin wannan ɗauri a waɗansu gidajen addu'a na Kirista ma. Sarƙa ba ta warkar da jaraba. Wanda jikinsa ya saba, likita ne zai riƙa rage masa a hankali, akwai kuwa asibitin ƙwaƙwalwa na Tarayya a Kware, kusa da Sakkwato, mai yin wannan aiki.

Wani uba zai ce, "Malam, ashe ba ɗaure wa ɓarna gindi ke nan ba?" A'a. Wanda ya koya wa ɗansa iyo a Gulbin Kebbi ba tura shi ya yi cikin ruwa ba. Tsautawa tana nan, horo yana nan, hukumar NDLEA kuma tana da aikinta a kan masu sayarwa. Amma gawa ba ta jin faɗa, ba ta kuma tuba. Hausawa sun ce hannunka ba ya ruɓewa ka yanke ka yar.

Saboda haka, uba, kada ka kori yaron ya koma kwana a tasha inda ba mai ganin numfashinsa. Uwa, ki leƙa ɗakinsa da dare. Ku gaya masa a fili cewa ba ku yarda da shan nan ba, amma duk ranar da shi ko abokinsa ya shiga haɗari, ya buga ƙofarku ko da tsakar dare ne. Zumuntar mata da ƙungiyar matasa kuma su gayyaci ma'aikacin lafiya ya nuna musu yadda ake kwantar da mutum da yadda ake hura iska. Aikin yamma ɗaya ne.

In da rai, da rabo. Allah ya tsare mana 'ya'yanmu. Sai wata mai zuwa.