Wa Zai Biya Kuɗin Ƙazantar Masana'antun Kano?

Sanin kowa ne cewa Bompai da Sharaɗa da Challawa su ne ƙashin bayan masana'antun Kano, kuma majemu na cikin manyan masu ɗaukar ma'aikata a can. Amma kuma ruwan da yake fita daga waɗannan wurare yana da inda yake zuwa. Na Bompai yana bin rafin Getsi ya haɗu da Jakara, ya zarce madatsar ruwa ta Wasai. Na Sharaɗa da Challawa kuwa yana gangarawa kogin Challawa, wanda yake haɗuwa da kogin Kano kusa da Tamburawa, inda ake tace ruwan da birni yake sha.

A bakin waɗannan rafuka masu lambu suna noman latas da alayyafo da kabeji da rani, kayan kuma su shiga kasuwannin birni. Saboda haka ma'aikacin da yake zaune a Hotoro, ko da bai taɓa taka ƙofar majema ba, al'amarin yana iya isa kwanon abincinsa. Bincike da dama, ciki har da na masanan Jami'ar Bayero, ya sami sinadarin kuromiyam na jima da dalma da kadmiyam a cikin ruwan da ƙasar lambunan. Dalma tana dakushe ƙwaƙwalwar yara, kadmiyam kuma yana lalata ƙoda. Ba a manta da abin da ya faru a Zamfara a 2010 ba, lokacin da gubar dalma ta kashe yara aƙalla 400.

Masana tattalin arziki sun daɗe da gane inda gizo yake saƙa. Tun 1920 Arthur Pigou na Ingila ya bayyana cewa idan masana'anta ta zubar da dauɗarta kyauta, kuɗin da ta tsimi yana komawa wuyan wasu ne: manomi da masunci da majiyyaci da baitulmalin gwamnati. Maganin da ya kawo shi ne a ɗora wa mai ɓarna haraji gwargwadon ɓarnarsa. A 2017 kwamitin mujallar Lancet ya ƙiyasta cewa gurɓatar muhalli ta jawo mutuwar mutum miliyan 9 a 2015, da asarar da ta kai dala tiriliyan 4.6 a shekara. Hukumar kare muhalli ta Amurka kuma ta lissafa a 2011 cewa amfanin dokar tsabtace iska ta 1990 ya ninka kuɗin aiwatar da ita fiye da sau 30.

Nijeriya ba ta rasa doka ba. Bayan an gano sharar guba da aka kawo daga Italiya aka jibge a Koko, an kafa hukumar FEPA a 1988, aka fitar da ƙa'idojin zubar da ruwan masana'antu a 1991. Hukumar NESREA ta gaje ta a 2007, ta kuma fitar da ƙa'idoji na musamman ga masaƙu da majemu a 2009. Abin da ya rage shi ne aiwatarwa.

Masu masana'antu suna kukan tsadar lantarki da gasar kayan waje, kuma kukansu yana da tushe. Rufe majemu zai jefa dubban magidanta cikin rashin aiki. Hanyar da ta fi dacewa ita ce kowace unguwar masana'antu ta sami matatar ruwan dauɗa ta haɗin gwiwa mai aiki kullum, kowane kamfani ya biya gwargwadon abin da ya zubar. Ya kamata Ma'aikatar Muhalli ta Jihar Kano da NESREA su riƙa awon ruwan a kai a kai, su buga sakamakon kowa ya gani, a kuma samar wa masu lambu tsabtataccen ruwan ban ruwa.

Kuɗin nan dai ana biyansa tun yanzu a asibitoci. Aikin hukuma ne ta mayar da shi wuyan mai ɓarnar, domin rigakafi ya fi magani.