Takobin Jaruma Ba Ya Yanka a Cikin Gida

Akwai wata magana da ta zauna a bakin 'yan boko a 'yan shekarun nan, kuma ba mai tanka musu. Wai labaran jarumai 'yan mata, irin waɗanda budurwa 'yar shekara goma sha shida ke hawa doki ta zare takobi ta tarwatsa runduna, su ne za su cire wa 'ya'yanmu mata tsoro. Malaman makaranta suna faɗa, marubuta suna faɗa, ma'aikatan ƙungiyoyin tallafa wa mata ma suna nanatawa a wajen taron bita. Ni ban yarda ba. Kada kuma a haɗa ni da masu kukan cewa littafi na ɓata tarbiyya, don hanyarmu ba ɗaya ba ce. Su tsoronsu kada jarumar nan ta koya wa yara taurin kai. Ni kuwa ƙorafina shi ne ba ta da haƙorin cizon kowa, shi ya sa kowa ke tafa mata.

Abin ya daɗe da wuce birni. A ƙaramar hukumar Makoda, daga Koguna har ƙauyukan da ke kewaye da ita, inda gona ke manne da gona, ba sai yarinya ta je Kano ko kasuwar Dambatta ta sayo littafi ba. Mai shagon caji shi ne dillalin adabi yanzu. A miƙa masa memori, ya loda littafin yaƙi da wani ya karanta ya naɗa, ya ƙara da fim ɗin fassara biyu ko uku, a ba shi 'yan canji. Da dare in an sauke tuwo sai a kunna a wayar yaya ko ta inna, a kewaye ta. Da safe a layin burtsatse musu ya kaure, wannan ta ce gimbiya wance ta fi iya sara, waccan ta ce ai tata gwanar ko aljani shakkarta yake. Daɗin sauraro kam akwai shi, ba na musun wannan.

Salon ba namu ne mu kaɗai ba. A Amurka, Suzanne Collins ta fitar da The Hunger Games a 2008, labarin Katniss mai kwari da baka, aka yi fim ɗinsa a 2012, kamfanonin ɗab'i suka hango kuɗi suka yi ta zubo ire-irensa. A 2018 Tomi Adeyemi, Bayarabiya haihuwar Amurka, ta fito da Children of Blood and Bone, ta kai salon wata ƙasar almara mai ƙamshin al'adun Yarabawa. Mu ma muna da tsohuwar jijiyarmu ta labaran yaƙi, tun daga Ganɗoki na Bello Kagara a 1934, da Iliya Ɗan Maiƙarfi na Ahmadu Ingawa, har zuwa littattafan Abdul'aziz Sani Madakin Gini irin su Mazan Jiya, waɗanda samari suka sha karɓa haya a shagunan littafi. Abin da ya sauya bai taka kara ya karya ba. Iliya aka ɗauko aka ɗaura masa ɗankwali, aka ce ga 'yantacciyar mace. Saran shi ne, kirarin shi ne, tarin gawarwakin ma shi ne.

Tambaya ɗaya nake so mai karatu ya yi wa kowane labari irin wannan: da wa jarumar ke faɗa? In ba boka mai tsafi ba, to sarkin aljanu. In ba azzalumin sarki a wani birni da babu shi a taswira ba, to shugaban 'yan fashi a ƙungurmin daji. Kullum abokin gabarta baƙo ne, mummuna, wanda ba ya salla ba ya salati, wanda duk duniya ta yarda a kashe shi. Da wuya ka ji ta tsaya a gaban baffanta ta ce ba ta son mutumin da aka karɓi kuɗin gaisuwarsa. Ba ta tambayar dalilin da ya sa aka biya wa ƙanenta kuɗin jarrabawa, ita aka ce ta jira baɗi. Ba ruwanta da wanda ya karɓe kuɗin akuyarta da sunan aro bai mayar ba. Saboda haka maigida zai iya kishingiɗa a tabarma ya saurari labarin tare da 'yarsa har ƙarshe, ya ƙyalƙyale da dariya ya ce, "Kai, wannan yarinya Allah ya yi mata zuciya!" Gari na wayewa kuma ya sa a aza wa tasa 'yar farantin awara daidai lokacin da ake kaɗa ƙararrawar makaranta. Babu inda labarin ya taɓa shi, balle ya hana shi barci.

A kwatanta da abin da Balaraba Ramat Yakubu ta yi a 1990 cikin Wa Zai Auri Jahila? Abu 'yar ƙauye ce mai shekara goma sha uku. Mahaifinta ya cire ta daga makaranta, aka aurar da ita ga Sarkin Noma, dattijo mai hali, ba da sonta ba. Ba ta da laya, ba ta da doki. Guduwa ta yi zuwa Kano wajen goggonta, ta koma karatu, har ta zama ma'aikaciyar jinya. Marubuciyar ta san abin da take faɗa, don ita ma tana ƙaramar yarinya aka raba ta da aji aka yi mata aure. Irin waɗannan littattafai, waɗanda suka kira auren dole da sunansa suka leƙa cikin ɗakin kishiyoyi, su ne suka tayar da ƙura. A kansu aka yi shekaru ana tafka muhawara a jaridu, aka laƙaba musu sunan adabin kasuwar Kano. A 2007 kuma, zamanin gwamna Malam Ibrahim Shekarau, aka tara littattafan da aka ƙwace a hannun ɗalibai mata aka cinna musu wuta a bainar jama'a. Ban ce duk abin da ke cikinsu alheri ba ne. Akwai shirme da yawa. Amma al'umma ba ta fusata da labari sai ya taka mata ciwo, kuma jarumar takobi ban ga wanda ta fusata ba.

Akwai kuma wani abu da ya fi wannan damuna, wato kaɗaicinta. A mafi yawan labaran nan marainiya ce, ko an sace ta tana jaririya, ko wani tsoho ya rene ta a kogon dutse. Uwa ba ta da amfani a labarin, in ma tana raye kuka ne aikinta. Sauran mata kuwa ko dai matsorata ne da za a ceto, ko makirai masu hassada. Darasin da ke ƙarƙashin wannan a fili yake: mace ba ta tsira sai ta fita daban da sauran mata, sai an haife ta da wata baiwa da babu mai irinta. To yarinyar da ba ta da baiwar fa? Ita ce fa ke sauraro.

Duk wanda ya san yadda ake warware rikici a karkarar Kano ya san ba haka abin yake ba. Yarinyar da ta kuɓuta daga auren da ba ta so, in ka bi diddigi, za ka tarar da mutane a bayanta. Akwai kakar da ta kira ɗanta ɗaki ta ce, "Malam, muddin ina raye ba za a yi wannan ba." Akwai goggon da ta ɓoye ta kwana biyu har zuciya ta huce, da malamar Islamiyya da ta je ta samu liman, da dagacin da ya ce a dakata tukuna. Wani lokaci maganar har gaban Hisba ko alƙali take kaiwa. Ƙarfin yarinya a nan shi ne ta san ƙofar da za ta ƙwanƙwasa, da lokacin da za ta yi magana, da wanda za ta tura in bakinta ba zai kai ba. Wannan ilimi ne, ana koyonsa, kuma labari na iya koyar da shi. Labarin da ya nuna mata cewa mata 'yan'uwanta kaya ne a wuya ya raba ta da makamin da take da shi a zahiri, ya ba ta na mafarki.

In kuma yarinya ta gaske ta ɗauki hanyar kisa, mun ga yadda take ƙarewa. A 2014 an gurfanar da wata 'yar shekara 14 a jihar Kano bisa zargin zuba shinkafar ɓera a abincin mijin da aka aura mata, ya mutu tare da wasu mutum uku. Ta yi watanni a tsare ana maganar hukuncin kisa, kafin a janye ƙarar a 2015. Ba a yi mata kirari ba, kuma babu abin kirari a ciki: rayuka huɗu sun salwanta, yarinta ta lalace. A 2014 ɗin ne kuma aka sace ɗalibai mata 276 a Chibok. Su 57 da suka tsira tun farko, wasunsu dirowa suka yi daga motar da ke tafiya, suka faɗa daji cikin dare. Babu wadda ta sare kan kowa. Wanda ya ce wannan ba jarumta ba ce bai san tsoro ba.

Na san abin da za a ce min. Za a ce ai Sarauniya Amina ta Zazzau mace ce, ta kuwa yi yaƙi. Gaskiya ne, Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya ambace ta a Infaƙul Maisuri, kuma har yau ana danganta mata ganuwoyi. Za a ƙara da Sarauniya Mangu ta Lugu a ƙasar Nijar, wadda ta tari rundunar Faransawa ta Voulet a 1899. Amma Amina 'yar gidan sarautar Bakwa Turunku ce, da dakaru take fita, Mangu ma jama'arta ce ta tsaya mata. Shugabanni ne masu iya tara mutane su bi su, kuma wannan ɓangaren ne marubutanmu ke tsallakewa don su yi sauri su kai ga wajen zubar da jini.

Abin mamaki, matan da suka fi kusa da 'yar Makoda su ne ba a waiwaya. Nana Asma'u, wadda ta rasu a 1864, ta kafa 'Yan Taru: jajoji masu malfa suna jagorantar mata daga ƙauyuka, a zo a ɗauki karatu a koma da shi gida, tafiyar ƙafa mai nisa. Hajiya Gambo Sawaba ta shiga NEPU tana matashiya, ta sha duka, ta sha ɗauri ba sau ɗaya ba ba sau biyu ba, saboda ta dage sai matan Arewa sun jefa ƙuri'a, abin da bai samu ba sai a shekarun 1970. In ana neman gudu da ɓuya da kurkuku da cin amana da taurin rai, ga su nan jibge a rayuwarta. Sai dai abokan gabarta ba aljanu ba ne. Mutane ne masu rawani da muƙami, kuma jikokinsu na nan da rai. Ina zargin a nan alƙalami ke yin sanyi.

Hujja ta biyu ta fi ƙarfi: ai nishaɗi ne kawai, kuma ya fi zaman banza, ko ba komai yana jawo yara ga karatu. Na yarda da rabinta. Yarinyar da ta wuni tana sussuka da ɗiban ruwa da renon ƙanne ta cancanci awa guda ta hutawa, kuma ban nemi a hana ta ba. Masu hanawa sun gwada a baya, ba su tsinana komai ba. Amma a bar shi a matsayinsa na nishaɗi, a daina sayar mana da shi da sunan 'yanto mata. Batun jawo yara ga karatu kuwa sai a yi hattara, don a ƙauye yawanci saurare ake yi, ba karatu ba. Yarinya na iya haddace sunayen jarumai ashirin alhali ba ta iya karanta takardar asibiti da aka rubuta wa mahaifiyarta. Jihar Kano ta yi dokar ilimi kyauta kuma dole a 2020, ta yi dokar kare haƙƙin yara a 2023, gwamna Abba Kabir Yusuf kuma ya ayyana dokar ta-ɓaci a kan ilimi a 2024. Jarumar da ta san da waɗannan dokoki, ta kuma san ofishin da ake kai kuka in an take su, ta fi mai takubba bakwai haɗari.

Ga marubutanmu, musamman mata da gasar Hikayata ta BBC Hausa ta nuna tun 2016 cewa suna da yawa kuma suna da hannu, kayan labarin na nan a ƙofar gida. Yarinya ta gama aji uku na ƙaramar sakandare. Babbar sakandaren na da nisa, kuɗin mota kullum ba wasa ba ne. Damina ta kankama, an ci bashin taki, wake bai nuna ba, ga wani mai shago ya aiko da goro. Tana da akuya biyu da kuɗin ɗinkin hula da ta tara a adashi, tana da kaka mai faɗa a ji amma ba ta da lafiya, kuma kafin lokacin girbi za a sa rana. Duk abin da ke hana mai sauraro tashi daga gaban waya yana cikin wannan: lokaci na ƙurewa, asiri na iya tonuwa, amini na iya juya baya.

Wahalar ita ce mahaifin yarinyar nan ba mugu ba ne. Yana son 'yarsa, yana tsoron abin da mutane za su ce in ta daɗe a gida, bashi kuma ya sha masa kai. Dole marubuci ya sa mu ji tausayinsa, ya kuma nuna mana ƙarara cewa bai yi daidai ba, sannan ya samo wa yarinyar hanyar da za ta yi galaba a kansa ba tare da ta rasa uba ba. Wannan aiki ne na watanni, kuma wanda ya yi shi zai sha zagi daga mutanen da suka ga kansu a ciki. Ƙirƙiro sarkin aljanu mai kai uku kuwa, a kashe shi a babi na arba'in, zama ɗaya ya isa.