Minsharin Dattijo Ba Abin Dariya Ba Ne

'Yan'uwana ɗalibai, da ku yayyenmu da kuka riga mu fita kuka kama aikin gwamnati, ina roƙonku ku ba ni aron kunnuwanku a kan wata magana wadda na san da yawanku za ku yi murmushi da jin ta. Maganar kuwa ita ce ta minshari. Da wuya a sami gidan da babu wani dattijo da ya yi suna a kansa, har yara su riƙa kwaikwayonsa in sun tabbata ba ya kusa. In aka ji shi yana ja, sai a ce Malam ya gaji, ko kuwa a ce barci ya yi daɗi. Ni ma haka na ɗauka, har zuwa hutun daminar bara.

A wannan hutun ne ɗakina ya yi yoyo, aka ce in koma ɗakin kakana in riƙa kwana kafin a gyara. Tun daren farko barci ya gagare ni. Ƙarar minsharin ba ta dame ni ba, domin na saba da ita tun ina yaro. Abin da ya tayar mini da hankali shi ne shirun da yake ratsa ta. Sai ya yi ta ja, yana ja, sa'an nan ya ɗauke ɗif. Ƙirjinsa yana ɗagawa kamar mai kokawa da wani, amma babu iskar da ke shiga. Na duba agogo, na ƙirga sakan 20, wani lokaci 30, kafin ya zabura da wani irin gurnani kamar wanda aka tsamo daga rijiya, ya ja numfashi biyu ko uku, ya koma minsharinsa. Kafin assalatu lissafi ya ɓace mini. Da gari ya waye na gaishe shi, na tambaye shi yadda ya kwana, sai ya ce, "Lafiya lau, ja'iri. Ai ko juyi ban yi ba."

Hausawa sun ce mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. To, wannan ciwo ya saɓa wa karin maganar, domin mai shi ba ya sanin abin da ke faruwa gare shi. Na kusa da shi ne yake ji. Sai a wannan safiya na fara haɗa abubuwan da duk gidan muka daɗe muna gani ba mu haɗa ba: gyangyaɗin da yake yi a zaure ana cikin gaisawa da shi, da fitar da yake yi sau huɗu ko biyar kowane dare don kama ruwa, da ciwon kan da yake tashi da shi, da hawan jinin da ya ƙi sauka alhali yana shan magani iri uku, da mantuwar da ta sa aka fara raɗe-raɗin wai gigin tsufa ya soma kama shi.

Sunan abin a wurin likitoci shi ne ɗaukewar numfashi cikin barci saboda toshewar maƙogwaro. Yadda yake faruwa ba shi da wuyar ganewa. Hanyar iska daga bayan hanci zuwa maƙoshi ba ta da ƙashi, tsoka ce take riƙe ta a buɗe. Idan mutum ya yi barci tsokar sai ta saki, harshe da ganda su zame baya, hanyar ta ƙuntata. Iskar da ke kutsawa ta wannan matsi ita ce take kaɗa naman, mu ji minshari. Idan kuwa hanyar ta rufe gaba ɗaya, sai iskar oksijin ta ragu cikin jini, ƙwaƙwalwa ta firgita ta tayar da mutum na ɗan lokacin da bai isa ya tuna ba, tsoka ta ɗaure, hanya ta buɗe, ya koma barci, abu ya sake dawowa. Likitoci suna ƙirga duk ɗaukewar da ta kai sakan 10. In ta auku sau 5 zuwa 15 cikin awa guda, ciwon mai sauƙi ne. 15 zuwa 30 matsakaici. Abin da ya haura 30 kuwa mai tsanani ne. Ke nan akwai dattijon da ake shaƙewa fiye da sau 200 kowane dare, sa'an nan da rana a ce da shi ya cika son barci.

Kowace zabura tana harba bugun zuciya da hawan jini, shi ya sa ciwon yake tafiya kafaɗa da kafaɗa da hawan jinin da ba ya jin magani, da rikicewar bugun zuciya, da shanyewar ɓarin jiki. Ko yawan fitsarin dare ma yana da nasaba da shi, domin kokawar da ƙirji yake yi da rufaffen maƙogwaro tana sa zuciya ta saki wani sinadari mai umartar ƙoda ta ƙara fitar da ruwa. Dattijon da ya tashi cikin duhu da magagin barci kuwa, faɗuwa ba ta yi masa nisa ba, kuma kowa ya san abin da karayar ƙugu take yi wa ɗan shekara 75.

Tsofaffi sun fi kowa shiga wannan hali, saboda tsokar maƙogwaro tana yin laushi da shekaru kamar sauran tsokar jiki. A wurin matasa ƙiba da kaurin wuya su ne kan gaba, amma a tsufa siriri ma bai tsira ba. Mata kuma, waɗanda ciwon bai cika damunsu da ƙuruciya ba, suna matsowa kusa da maza bayan al'ada ta ɗauke musu. Wani bincike da aka buga a 1991, wanda aka yi a birnin San Diyego na Amurka a kan mutum 427 masu shekara 65 zuwa sama, ya sami 24 cikin 100 numfashinsu yana ɗaukewa aƙalla sau 5 a awa. A 2019 kuma masana suka ƙiyasta cewa mutum miliyan 936 a duniya suna da ciwon, miliyan 425 daga cikinsu matsakaici ko mai tsanani. Abin lura shi ne wannan ƙiyasi ya tsaya ne a kan masu shekara 30 zuwa 69. Watau sa'o'in kakana ko lissafin ba su shiga ba.

Kada mu ɗauka mu kaɗai ne muka mai da abin wasa. Turawan Ingila sun shafe fiye da shekara 100 suna dariyar wani ƙaton yaro mai minshari da barci a tsaye, wanda Charles Dickens ya ƙaga cikin littafinsa Pickwick Papers a 1836, kafin likitoci su ara sunan littafin a 1956 su raɗa wa wani ciwo mai kama da wannan. Sai a 1965 masu bincike a Faransa da Jamus suka auna masu barci suka ga ɗaukewar numfashin da idonsu. Har bayan haka, babban magani ga wanda abin ya tsananta shi ne a huda maƙogwaro a sa masa bututu. A 1981 ne wani likita a Jami'ar Sidni ta Ostareliya, Colin Sullivan, ya buga sakamakon dabararsa a kan majinyata 5: a riƙa hura iska a hankali ta hanci duk dare, ƙarfin iskar ya tokare maƙogwaro ya hana shi rufewa. Wannan ita ce na'urar da ake kira CPAP, kuma har yau ita ce kan gaba a maganin ciwon.

Shin tana yi wa tsofaffi amfani? A nan ya kamata a faɗi gaskiya ba ƙari ba ragi, domin masu sayar da kaya ba za su faɗa muku ba. A 2014 aka buga sakamakon wani gwaji da aka yi a Birtaniya a kan mutum 278 masu shekara 65 zuwa sama, aka bi su shekara guda, aka ga waɗanda aka ba na'urar barcin rana ya ragu musu. Amma a 2016 wani gwajin da ya fi shi girma, mai mutum 2,717 waɗanda dama suna da ciwon zuciya ko na jijiyoyin jini, bai nuna cewa na'urar ta rage bugun zuciya ko shanyewar jiki ba, ko da yake ta rage minshari da gyangyaɗi, ta kuma kyautata musu walwala. Matsakaicin lokacin da suka riƙa sa ta bai kai awa 3 da rabi a dare ba, wanda ya yi kaɗan. Darasin da na ɗauka shi ne, kada a yi wa dattijo alkawarin na'ura za ta tsare shi daga ciwon zuciya. Abin da aka tabbatar shi ne za ta dawo masa da yininsa, ya zauna cikin mutane idonsa biyu, hankalinsa a jikinsa. Ga wanda ya kai wannan shekaru, wannan ba ƙaramar riba ba ce.

Na san abin da wasu za su ce. Za su ce ƙasar da zazzaɓin cizon sauro da kwalara suke kashe yara, ina ita ina zancen minshari? Za su ce na'urar tana da tsada, tana son wutar lantarki tun daga kwanciya har asuba, alhali kowa ya san halin wutarmu. Wasu masana ma suna cewa tun da ɗaukewar numfashi ta yawaita haka cikin tsofaffi, ba duk wanda awo ya kama ne mara lafiya ba. Na yarda da wannan na ƙarshe, kuma shi ya sa ban ce a ɗaura wa kowane tsoho na'ura ba. Wanda ake nufi shi ne mai alamu: mai gyangyaɗin da ya hana shi harkokinsa, mai shaƙewa cikin barci, mai hawan jinin da ya gagara. Game da tsada kuwa, mu tambayi kanmu nawa iyalai suke kashewa a kan ƙarin maganin hawan jini, da rubutu da hayaƙi don korar dannau, da jinyar wanda ya faɗi ya karye, ko wanda barci ya sace yana riƙe da sitiyari.

Ban da haka, akwai abubuwa da dama da ba sa cin ko kwabo. Kwanciyar rigingine tana ƙara zamewar harshe baya, saboda haka kwanciya ta gefe da ɗaga kai da matashi suna rage wa mutane da yawa. Ƙwayoyin sa barci, irin waɗanda ake saya a kemis ba da takardar likita ba, suna ƙara sakin tsoka su kuma hana ƙwaƙwalwa saurin tayar da mutum, haka ma giya. Dattijon da ya yi kukan barcinsa ba ya isarsa, aka ba shi irin wannan ƙwaya, an ƙara wa wuta fetur ke nan. Ga mai ƙiba, wani bincike na jihar Wiskonsin ta Amurka da aka buga a 2000 ya nuna cewa rage kashi 10 cikin 100 na nauyin jiki yana rage yawan ɗaukewar numfashi da kimanin kashi 26. Akwai kuma wata roba da likitan haƙori yake aunawa, wadda take turo muƙamuƙin ƙasa gaba cikin barci, sai dai tana bukatar haƙora masu ƙarfi da za ta kama, abin da ba kowane tsoho ne yake da shi ba. Abu guda da nake roƙo da babbar murya shi ne kada a kira wanzami ya yanke wa dattijo belu da sunan maganin minshari. Toshewar ba ta tsaya a belu kaɗai ba, kuma zubar jini a wurin mai hawan jini ba wasa ba ne.

To, ina namu a ciki? Namu shi ne ji da faɗi, kuma faɗin shi ne mai wuya. Wane ɗa ne zai dubi mahaifinsa ya ce, "Baba, kuna minshari"? Iyayenmu mata, waɗanda suka fi kowa sani, kunya ta rufe musu baki shekara da shekaru. Amma al'adar da ta sa wannan kunyar ita ce kuma ta bar mana ƙofa, domin jika yana da ikon faɗa wa kakansa abin da ɗa ba zai iya ba. Da wasa na shiga wa nawa. Na nemi izninsa na ɗauki sautin barcinsa da waya, da safe na kunna masa. Ya yi shiru yana saurare har wurin da numfashin ya ɗauke, sa'an nan ya ce, "Wannan ni ne?" Da wannan sautin muka je wurin likita, aka tura mu wani babban asibiti mai nisa aka yi masa awon barci. 'Ya'yansa suka yi karo-karo aka sayi na'ura da batir mai caji da hasken rana. Makon farko ya ce shi ba raƙumi ba ne da za a sa masa takunkumi, sai da aka yi ta lallashi, aka kuma canja masa abin hancin da wanda ya dace da fuskarsa. Yanzu yana jin labaran rana a rediyo har ƙarshensu, kuma maganar gigin tsufa ta mutu a gidanmu. Maganin hawan jininsa dai yana nan yana sha.

Ku 'yan'uwanmu masu karatun likita da jinya, ku saba da tambayar duk dattijon da ya zo da hawan jini yadda barcinsa yake, ku kuma tambayi wanda ya rako shi. Ku yayyenmu da ke ofisoshin lafiya, dokar inshorar lafiya ta 2022 ta wajabta inshora ga kowane ɗan Nijeriya, ta kuma ambaci tsofaffi cikin masu rauni da za a tallafa wa. Ku yi ƙoƙari awon barci da na'urarsa su kasance cikin abin da talaka zai samu ta wannan hanya. Mu kuwa saura, hutu yana tafe, kowa zai koma gida. In dare ya tsala ka ji minsharin Baba ko na Inna ya ratso katanga, kada ka ja mayafi ka rufe kai kana dariya. Kasa kunne ka ji ko yana ɗaukewa, in ya ɗauke ka duba agogo. In kunne ya ji, gangar jiki ta tsira.