Malama, Wane Aiki Za A Ƙirga Miki Ranar Ƙarin Girma?

Zancen wannan makon na matan da ke koyarwa a jami'o'i da kwalejoji ne. In ba kya cikinsu kada ki yi saurin wucewa, domin da wuya a rasa 'yarki ko ƙanwarki ko surukarki a cikinsu, kuma akwai naki kason a ƙasa.

Malama, ki dubi sashenku da kyau. Wa ke tara kuɗin gudummawar biki da suna da ta'aziyya? Wa ake kira in ɗaliba ta faɗi a ɗakin jarrabawa? Wa ke tsayawa a kan abincin baƙi ranar taro, tun daga cefane har kwashe kwanuka? Ke ce. Ana yi miki godiya, ana ce miki uwar sashe, ke ma kina jin daɗi. Aikin lada ne, ban ce ki daina ba. Sai dai ranar da kwamitin ƙarin girma ya zauna, fayil ake buɗewa, kuma kusan duk wannan wahalar ba ta cikin fayil.

A jami'o'in Najeriya, daga mataimakiyar lakcara sai lakcara ta biyu, sai ta ɗaya, sai babbar lakcara, sai mataimakiyar farfesa, sannan farfesa. A yawancinsu sai kin yi aƙalla shekara 3 a kowane mataki. Hawa biyar ke nan, shekara 15 a lissafi idan ba ki taɓa makara ba. Duk shekarar da aka tsallake ki, ta tafi da bambancin albashinta, ta kuma tura duk matakan gaba baya. Ga kuma dokar 2012 da ta sa farfesa ya yi ritaya yana da shekara 70, sauran malamai kuwa 65. Wato wadda ta tsaya a babbar lakcara za ta koma gida shekara 5 kafin abokin karatunta da ya zama farfesa.

Inda mata suka fi maƙalewa shi ne lakcara ta ɗaya, saboda a yawancin jami'o'i ba a wuce nan sai da digiri na uku. Abin da ke sa lamarin ya yi nauyi, shekarun da ya kamata a yi digirin su ne shekarun ciki da goyo da kai yara makaranta. Sai ki ce bari wannan ya yi wayo tukuna. Kafin ya yi wayo an samu ƙaninsa. Yajin aiki ma ya ci nasa rabon: na 2022 kaɗai wata 8 ya ɗauka. Ni dai a ganina gara ki yi rajista da goyonki a baya ki riƙa jan ƙafa, da ki zauna jiran lokacin da gida zai yi shiru, don gidan mai 'ya'ya ba ya yin shiru.

Kuɗin karatun fa? Asusun TETFund, wanda dokar 2011 ta kafa, yana ɗaukar nauyin malaman manyan makarantun gwamnati su yi digiri na biyu da na uku, yana biyan kuɗin halartar taron ilimi, yana kuma ba da tallafin bincike. Ta hannun makarantarki ake nema, kuma za ki sa hannu cewa za ki dawo ki yi mata aiki. Daga farkon 2025 asusun ya dakatar da tura sababbin malamai ƙasashen waje, ya mai da hankali kan jami'o'in cikin gida. Wasu sun ji haushi, amma ga mai yara ƙanana wannan bai rufe ƙofa ba. Ki san ofishin da ke kula da harkar a makarantarku, ki riƙa leƙawa da kanki. Sanarwa takan fito ta rufe ba ki ji ba, saboda a wurin shan shayi da hirar bayan sallar azahar ake fara yaɗa ta, inda ba kya zama.

Sai maganar rubuce-rubuce, wadda ita ce ƙashin bayan fayil. A matakai biyu na ƙarshe, tattara maƙalunki ake yi a aika wa farfesoshin wasu jami'o'i su auna. Ba su san ki ba, ba su taɓa cin tuwon da kika kai gidan ta'aziyya ba, abin da ke kan takarda kawai suke gani. Don haka ki kula da inda kike bugawa. Mujallar da ta aiko miki da saƙo tana yabonki, ta ce ki biya kuɗi za ta buga cikin mako guda, ki guje ta. Masu aunawa sun san irinsu, kuma takan zubar da mutuncin sauran aikin da ke gefenta. Ki kula da jerin sunaye ma. Idan mutum biyar suka haɗu a maƙala ɗaya, jami'o'i da dama raba makin suke yi, na farko ya fi samu. Idan ke kika yi aikin, ki yi maganar wurin sunanki tun kafin a fara rubutu. Na san kunya takan hana, musamman in akwai wanda ya koyar da ke a ciki. To amma kunyar minti biyu ce, fayil kuwa yana nan har ritaya.

Ga wadda mai duba kundinta namiji ne: ki sa ganawarku ta zama a ofis, a lokacin aiki, ki riƙa aika babi ta imel don ranar da kika miƙa ta kasance a rubuce. Wannan yana kare ki daga bakin mutane, yana kuma zama hujja idan babi ya yi wata shida a kan tebur.

Yanzu shugabanci. Akwai matan da ake yi wa tayin shugabancin sashe su ce a kai kasuwa, wai ba sa son rigima. Ban goyi bayan wannan ba. Shugabar sashe tana zama a majalisar jami'a, tana cikin masu tsara jadawalin darussa, tana da baki a kan wa za a ɗauka da wa za a tura karatu. In babu mace a wurin, wa zai tuna cewa mai shayarwa ba za ta iya lacca ƙarfe 6 na yamma ba? Abin lura kawai shi ne lokaci. Idan aka ɗora miki kafin ki gama digiri na uku, kujerar za ta cinye binciken. Aikin jami'ar jarrabawa ma haka: ki yi zango ɗaya, zai koya miki dokokin makaranta ciki da waje, amma kada ki bari ya zama gadonki.

Duk aikin da aka ba ki kuma, ko na walwala ne, ki nemi takarda. Ba sai kin ɗaga murya ba. “Ranka ya daɗe, na karɓa, sai dai a taimaka mini da takardar naɗi, a kuma sa wa'adi.” Hidimar makaranta tana da ɗan makinta a wurin ƙarin girma, amma sai da shaida. Idan wa'adin ya cika, ki tuna musu cewa malamai maza ma sun iya tara kuɗin suna.

Kada ki ɗauka kujerun sama ba namu ba ne. Farfesa Grace Alele-Williams ta zama shugabar Jami'ar Benin a 1985, mace ta farko da ta riƙe irin wannan muƙami a Najeriya. Farfesa Gambo Laraba Abdullahi ta shugabanci Jami'ar Abuja. Farfesa Fatima Batul Mukhtar ta karɓi Jami'ar Tarayya ta Dutse a 2016. Farfesa Ruƙayyatu Ahmed Rufa'i ta riƙe ma'aikatar ilimi ta tarayya daga 2010 zuwa 2013. Shugabancin jami'a sai farfesa, sau da yawa ma wanda ya daɗe da zama farfesa, shi ya sa makarar da aka yi a ƙasa take rufe ƙofar sama tun kafin a iso ta.

Maigida kuwa, kada ki tare shi da ƙorafi. Ki zaunar da shi ki nuna masa lissafin: ga albashin matakin da nake, ga na gaba, ga abin da ya rage mini. Sannan ki nemi abu takamaimai, kamar safiyar Asabar daga 8 zuwa 12 ba mai ƙwanƙwasa miki ƙofa. Roƙon “a riƙa taimaka mini” ba ya da ranar farawa.

Ke kuma Hajiya, uwar malama ko surukarta, ga kasonki. In kin ga ta rufe ɗaki da kwamfuta, ba girman kai ba ne. Ki karɓi jikokin nan yini ɗaya a mako, in kuma dangi sun fara cewa ba ta zuwa biki, ki zama ke ce mai ba su amsa.

Malama, kowace makaranta tana da kundin ƙa'idojin ƙarin girma nata, kuma makin wannan jami'a ba shi ne na waccan ba. Na kwalejojin ilimi da na kimiyya da fasaha ma daban suke. Ki je ofishin magatakarda a wannan makon ki karɓi naku, ki ɗauki biro ki ba kanki maki. A nan ne kuma za ki tambayi sharuɗɗan hutun haihuwa da na hutun karatu. Waɗanda suka gama digiri na uku da goyo, ku faɗa mana a ƙasa wane lokaci na yini kuke rubutu, don ƙannenku na karantawa.