Tambarin Kare Muhalli a Kan Abinci: Ina Manomin Kadawa Ya Dosa?

Wanda duk ya taɓa duba kwalin shayi ko na cakulan da aka shigo da shi daga Turai, mai yiwuwa ya ga hoton wani ɗan koren kwaɗo a gefe. Tambarin ƙungiyar Rainforest Alliance ke nan, wadda aka kafa a 1987, kuma shaida ce cewa gonar da abin ya fito ta bi ƙa'idojin kare daji da ruwa. Akwai kuma tsarin GlobalG.A.P., wanda manyan kantunan Turai suka ƙirƙiro a 1997, wanda da yawansu ba sa sayen ɗanyen kayan lambu sai da takardarsa.

Abin da nake so ɗalibai su fahimta shi ne, ba kyan kaya ake ba wa tambari ba, tarihinsa ake ba wa: wace gona, wane ruwa, wane magani, wace rana aka yi feshi, wace rana aka tsinka. To, mu ɗauki wannan ma'auni mu ɗora a kan tumatirinmu.

Tun da aka kammala madatsar ruwa ta Tiga a 1974, noman rani ya zama abin dogaro ga jama'ar Kura da Bunkure da Garun Malam. Manomi ya tsinki tumatirinsa, ya kai Kwanar Gafan a kwando, dillali ya haɗa da na mutum goma, a ɗora wa babbar mota sai Legas. Kafin a tsallake Kogin Kwara, babu mahalukin da zai iya cewa ga gonar da wannan kwando ya fito. Tarihin ya ɓace, kuma tare da shi damar tambari ta ɓace.

Mun riga mun ɗanɗana kuɗar wannan a kan wake. A 2015 Tarayyar Turai ta hana shigar da busasshen waken Nijeriya saboda ragowar maganin ƙwari na dichlorvos, watau fiya-fiya, da aka yi ta samu fiye da ƙa'idarsu ta miligiram 0.01 a kowane kilo. Da yake ba a iya bambance buhun mai gaskiya da na mai ganganci, wake ɗaya ya ɓata gari, aka rufe wa kowa ƙofa. Haka kuma a 2016, da tsutsar Tuta absoluta ta afka wa gonakin Kadawa, manoma suka yi ta ƙara feshi. A ilmin halitta kuwa sakamakon sananne ne: tsutsotsin da suka jure su ne ke hayayyafa, ƙwarin da ke cinye su kuma su mutu, ragowar maganin ya gangara magudanan ruwa.

A ra'ayina tambarin abu ne mai kyau, amma ba a ɗinka rigarsa da awon talaka ba. Kuɗin mai bincike da na gwajin ruwa da ƙasa ba kome ba ne ga kamfani mai eka dubu. Ga mai eka ɗaya kuwa ya fi ƙarfin ribarsa. Idan aka zura ido, masu saye za su koma ga manyan gonaki, ƙaramin manomi ya zama ɗan ƙwadago a ƙasar kakanninsa.

Sai dai GlobalG.A.P. ya yarda manoma su nemi shaida a ƙungiyance, su raba kuɗin a tsakaninsu, kuma dama akwai ƙungiyoyin masu amfani da ruwa a shirin noman ranin. Abin da ya rage shi ne mai rubutu. A nan ne nake hangen ɗaliban Makarantar Kimiyya ta Dawakin Kudu da takwarorinsu. Malamin ilmin halitta zai iya ba kowane ɗalibi aikin hutu: ya ɗauki gona ɗaya ta gidansu ko ta maƙwabci, ya rubuta sunan maganin, da yawansa, da kwanakin da ke tsakanin feshin ƙarshe da tsinka. Ko da Bature bai taɓa ganin littafin ba, mu muke cin tumatirin, kuma waken da aka hana shi shiga Turai ai tukunyarmu yake faɗawa.